Mantra goma: littafin aikina a birnin Pune na Indiya, daminar 2024

14 ga Yuni

Yau malamata ta sa hannu a takardar aikin. Abin da na ɗauko shi ne mantra goma, wato kalmomi ko baitoci masu tsarki a addinin Hindu, daga cikin waɗanda aka fi rerawa a azuzuwan yoga: in nemo asalin kowacce a littattafan Sanskirit, tsohon harshen addini na Indiya, in ɗauki sautinta daga bakin wanda ya gaje ta, sannan in rubuta ma'anarta. Abin da zan miƙa wa jami'a na ilimin furuci ne zalla, kuma da Turanci. Na Hausar nawa ne, ba wanda ya sa ni.

Ko in ce ƙanwata ce ta sa ni. Ciwon baya ya dame ta bayan haihuwa, ta fara bin wata mai motsa jiki a YouTube. Ta aiko mini da guntun bidiyon inda matar ta haɗa tafukanta, ta lumshe ido, ta ja "Om, shanti, shanti, shanti". Ta ce, "Yaya, kai da kake can, me take cewa? In bi ta ko kada in bi?" Shekarata biyu a Indiya, kullum da asuba ina jin wannan sautin daga gidan maƙwabta, amma na rasa abin da zan ce mata. Na ji kunya ƙwarai.

Na gindaya wa kaina sharaɗi tun yanzu. Ni Musulmi ne. Zan saurara, zan rubuta, zan furta kalma ɗaiɗai in aikin furuci ya buƙata. Ba zan zauna in rera komai a matsayin ibada ba.

21 ga Yuni

Ranar yoga ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2014 aka fara yi a 2015. Na je wani fili da rikodata. Mai lasifika ya ce wa jama'a Om ba ta da addini, girgizar sauti ce kawai. Na rubuta maganarsa na ja layi a ƙarƙashinta, zan dawo kanta. Sautin da na ɗauka kuwa bai yi amfani ba, hon ɗin babura ya cinye shi.

2 ga Yuli

An haɗa ni da wani dattijo a Sadashiv Peth, tsohuwar unguwar Brahmin, masu gadon malantar addinin Hindu, a tsakiyar gari. Gidan katako ne, matakalarsa tana kuka in an taka. Kowa yana ce masa Panditji, ni ma haka nake kiransa. Shi kuma "beta" yake ce mini, wato ɗana. Na faɗa masa sharaɗina tun kafin in zauna. Ya girgiza kai irin na mutanen nan, wanda ba a ko a'a ba ne, ya ce shi ma yana da nasa: ba zai ba ni mantra ba, domin bayarwa sai da bikin ɗaura zare da alkawari tsakanin malami da almajiri. Amma kunne, in ji shi, ba a hana shi ji.

Ya fara da gwaji. Ya furta kalma ɗaya sau uku, kowanne da hawa da saukar murya daban, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sake da wata, na sake. Sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce yaran birni sukan yi makonni kafin kunnensu ya raba waɗannan ukun, ni wa ya koya mini? Na ce uwata. Na ba shi misali da "kuka": in ka riƙe murya a sama gaɓa biyun, hawaye ne, in ka sauke ta a gaɓar ƙarshe, itace ce mai ba da miya. Ya sa na faɗa masa sau biyar. Murna ta kama shi kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha.

Karatun Veda, tsofaffin littattafan addinin Hindu, yana da karin sauti uku: udatta mai ɗagawa, anudatta mai saukarwa, da svarita wadda take kamar faɗau ɗinmu, inda murya take farawa a sama ta sauko. A littafinsa ana sa wa mai saukarwa layi a ƙasan harafi, faɗau kuma tsinke a sama. Harsunan da ake magana da su a titi a nan, Marathi da Hindi, ba sa rarrabe ma'ana da wannan, shi ya sa yake ba yara wuya.

Daga nan ya ba ni labarin da duk ɗalibin Veda ya sani. Wani abin bautarsu, Tvashtar, ya yi fushi da wani abin bautar mai suna Indra saboda ya kashe masa ɗa. Ya hura wutar hadaya yana roƙon a ba shi wani ɗan da zai zama "indrashatru", makashin Indra. Sai ya ɗaga murya a farkon kalmar maimakon ƙarshenta, ma'anar ta juye ta koma "wanda Indra zai kashe". Aka haifi Vritra, Indra kuwa ya kashe shi. Panditji ya ce, "Ka gani, beta? Bai ƙara harafi ba, bai rage ba." Duk wanda ya taɓa shan bulala a makarantar allo saboda ya ja wasalin da ba a ja, zai gane abin da tsohon nan yake nufi.

Inda na sha kashi shi ne baƙaƙe. Suna da "ba" da "bha", "da" da "dha", mai iska da marar iska, ga wani jerin kuma da ake naɗe harshe. Duk lokacin da na zo na naɗe-harshen sai "ɗa" tamu ta kutso kai. Ya ce wannan harafin nawa ba ya cikin Veda, in mayar da shi gida.

11 ga Yuli

Mako guda a kan gaɓa ɗaya.

Littafin Patanjali, wanda masu yoga suke ɗauka a matsayin tushe, jimloli ne gajeru 195 ko 196, gwargwadon bugun da ka samu. A babi na farko, jimla ta 27 ta ce Om ita ce lafazin da yake nuni ga Ishvara, wato Ubangiji a fahimtarsu. Ta 28 ta ce a yi ta maimaita ta tare da zurfafa tunani a kan ma'anarta. Tare, ba ɗaya ban da ɗaya ba. To ina maganar mai lasifikan nan ta shiga? Littafin yogar da kansa bai ce girgizar sauti ba ce kawai. Na fahimci dalilinsa, yana so kowa ya saki jiki ya shigo fili, amma bai yi wa masu abin adalci ba, bai kuma yi wa irina ba.

Mandukya Upanishad, ɗaya daga littattafan falsafarsu, wadda baiti 12 ce kacal, ta fasa gaɓar gida uku da ɗoriya. "A" farkawa ce, "u" mafarki, "m" barci mai nauyi wanda ba mafarki a cikinsa. Na huɗun ba shi da harafi: shirun da yake biyo baya in leɓɓa sun rufe sautin ya mutu, kuma shi ne abin nema. A nahawunsu "a" da "u" in sun haɗu "o" suke bayarwa, shi ya sa ake rubuta uku a ji biyu. Na lura Panditji ba ya barin in kashe rikoda da zarar ya rufe baki. Yakan ɗaga yatsa, sai ya ɗan jima sannan ya sauke. Da farko na ɗauka numfashi yake mayarwa, har na yanke waɗannan wuraren a kwamfuta don in rage nauyin fayil. Yau na mayar da su duka.

Wani abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa: ba ni ne Musulmin farko da ya zauna gaban wannan aiki ba. Albiruni ya koyi Sanskirit, ya mayar da littafin Patanjali zuwa Larabci, kuma a littafinsa kan Indiya na wajen 1030 ya rubuta cewa Hindu suna buɗe littattafansu da Om kamar yadda muke buɗe namu da Bismillah. Ya bayyana abin mutane yadda suke faɗarsa, bai zage su ba, bai kuma bi su ba. Hanyar da nake so in bi ke nan.

23 ga Yuli

Gayatri. Wannan mantra tana cikin Rigveda, ɗaya daga littattafan Veda, kundi na 3, waƙa ta 62, baiti na 10, kuma ana jingina ta ga wani mai hikima Vishvamitra. Ita ce ake raɗa wa yaro a kunne ranar da aka ɗaura masa zare, daga nan ya riƙa karanta ta da fitowar rana, da tsakarta, da faɗuwarta. Sunanta ma sunan karin waƙa ne: layi uku, kowanne gaɓa takwas, jimla 24.

Na ƙirga na samu 23. Na sake, 23. Layin farko, "tat savitur varenyam", gaɓa bakwai ne. Na je wa Panditji da wannan ina ɗar-ɗar, kada ya ce na zo neman aibu. Dariya ya yi, ya ce an riga ni da shekaru dubbai. A tsohon furuci kalmar ƙarshen "vareniyam" ce, gaɓa huɗu, sai lissafi ya cika. Wasu makaranta har yau suna ɗan buɗe ta.

Fassarar farko da na yi: "Muna zurfafa tunani a kan hasken nan abin so na Savitar abin bauta, shi ya zaburar da hankulanmu." Savitar yana da alaƙa da rana, shi ne mai tayar da halitta ta motsa. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya. Ta farko "dhimahi": malaman gargajiya suna cewa "muna tunani", masu bin tsohon nahawu kuma suna cewa ta fi kusa da "mu samu". Ta biyu "deva". A takardar da wani ajin yoga yake raba wa baƙi an fassara ta da "hasken cikin zuciya", an share Savitar gaba ɗaya. Wani abokina kuma ya ce in sa "Allah" kawai, ai abin da suke nufi ke nan. Ban yarda da ko ɗaya ba. Shi kansa Panditji ya ce a wurinsa hasken yana nuni ne ga Ɗaya wanda ya wuce rana, amma baitin sunan Savitar ya kira. Na bar "abin bauta", na sa bayaninsa a ƙasa da sunan ra'ayinsa.

26 ga Yuli

Jiya ruwa ya yi ɓarna, kogin Mutha ya shiga gidaje, an rufe makarantu. Ban fita daga unguwarmu ta Kondhwa ba. Na zauna da tsohon littafin asalin kalmomi na wani malami Yaska, sai ga shi gardamar da nake yi da mai lasifika ta girmi kakannin kakanninmu. Wani Kautsa ya ce mantra ba su da ma'ana, tunda ba a yarda a sauya kalma da 'yar'uwarta ko a juya jerinsu ba, wasunsu ma ba mai gane su. Yaska ya ce in makaho bai ga ginshiƙi ba, ba laifin ginshiƙin ba ne. A zamaninmu Frits Staal, ɗan ƙasar Holan da ya ɗauki sauti da hoton hadayar wuta ta kwana 12 a Kerala a 1975, ya koma bayan Kautsa, har ya kwatanta mantra da kukan tsuntsaye. Ina ganin yana da abin faɗa a kan irin su "hrim" da "klim", waɗanda ba ƙamus ɗin da zai fassara maka su. A kan Gayatri kuwa bai gamsar da ni ba. Jimla ce mai aikatau da karɓau, tana roƙon abu a wurin wani.

8 ga Agusta

Panditji ya kai ni wata makarantar kwana ta yara masu haddar Veda a bayan gari. Tun daga ƙofa na ji gida ya faɗo mini a rai: yara a zaune a ƙasa, kai a aske sai ɗan tukku a ƙeya, jiki yana rangaji, murya tana tashi tare. Allo da tawada ne kawai babu, domin su baki da kunne ne, littafi na duba ne in an yi shakka.

Abin da na je ji shi ne dabarun tsare nassi. Bayan yaro ya haddace baiti a jere, sai ya koye shi kalma-kalma, sannan bibbiyu, sannan ya fara saƙa. Mafi wuya ita ce ghana. In jimlar ita ce "Audu ya tafi kasuwa", sai ka ce: Audu ya, ya Audu, Audu ya tafi, tafi ya Audu, Audu ya tafi. Sannan ka matsa gaba da kalma ɗaya ka sake: ya tafi, tafi ya, ya tafi kasuwa, haka har ƙarshe. Ga shi a Sanskirit ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya biyo ta, karin sautin ma yana motsawa, don haka kowane juyi sabon lissafi ne. Rigveda waƙoƙi 1,028 ce, baitoci sama da 10,000. Wanda ya iya ta a wannan saƙar ana kiransa ghanapathi, kuma girman da ake ba shi ya tuna mini da gwanayenmu na tsangaya. UNESCO ta sa wannan karatu cikin gadon ɗan'adam a 2003.

Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya yi tuntuɓe a tsakiya. Malamin bai ce uffan ba, ya dai sa hannu ya danna kan yaron ƙasa a gaɓar da ya kamata murya ta sauka. Yaron ya koma baya ya gyara. Na tambayi malamin ko yaran sun san ma'anar abin da suke karantawa. Ya ce wannan karatun wasu shekaru ne, kuma ba kowa yake kaiwa can ba. Ban ce komai ba, don na san amsar da za a ba baƙo in ya yi irin wannan tambayar a wasu makarantunmu.

20 ga Agusta

Na shiga kasuwar Tulshibaug in ga carbinsu. Ƙwaya 108 ne, na 'ya'yan rudraksha ga mabiya Shiva, na itacen tulsi ga mabiya Vishnu, da babbar ƙwaya ɗaya a kai wadda ba a tsallake ta: in ka iso gare ta sai ka juya carbin ka dawo. Da babban yatsa da na tsakiya ake ja, manuni ba ya taɓawa. Akwai ma 'yar jaka da ake cusa hannu a ciki, da ƙofar da manunin zai leƙo waje. Mai shagon ya ga tasbahata a aljihun riga, ya ce nawa ce? Na ce 99. Ya ce saura tara mu zama ɗaya. Ban saya ba, hoto na ɗauka.

Jan carbin sunansa japa, kuma hawa uku ne: a bayyane, a raɗa, da a zuci. Dokokin Manu sun ce na raɗa ya ninka sau ɗari, na zuci sau dubu. Wannan ya ɗaure mini kai. Mutanen da suka kashe shekaru dubbai suna tsare hawa da saukar murya, su ne kuma suka ce mafi daraja shi ne wanda ba a ji. Akwai ma "so'ham", wadda suka ce numfashi da kansa yake yi, "so" in ya shiga, "ham" in ya fita, sau 21,600 a yini da dare. Na buga lissafi: numfashi 15 a minti ke nan. Ma'anarta "ni ne shi", kuma a nan ne na ga tazarar da ke tsakaninmu ta fi faɗi. Bawa ba ya zama Ubangijinsa.

8 ga Satumba

Kashegarin fara bikin Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa. Tun kafin gari ya waye na isa kusa da wurin bautar Dagdusheth, inda dubban mata suke zama a kan titi kowace shekara su karanta Atharvashirsha, wani yabon Ganesh, da murya ɗaya. Daga nesa na tsaya. Sautin ba ya kama da waƙa, ya fi kama da ruwan sama a kan kwano, kana jin sa a ƙirji. A da mata ba sa cikin masu irin wannan karatu. Na tambayi Panditji ra'ayinsa, ya ce furucin da yawansu sai a hankali. Matarsa daga kicin ta ce tana cikinsu shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa ganinsa ya tashi da wuri ya je ya ji ba.

21 ga Satumba

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lonavla, garin da Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a 1924 don auna yoga da kayan likita. Ɓangaren jiki nake so in rufe. Abin da ya fi tsaya mini shi ne binciken Luciano Bernardi da abokansa na Italiya, wanda ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2001. Sun sa mutane karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, da kuma "om mani padme hum", sai duka biyun suka sauke numfashi zuwa wajen shida a minti, bugun zuciya da hawan jini suka daidaita da shi. Natsuwar da mutane suke ji gaskiya ce, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai Latin ma ta yi aikin, don haka sirrin nan na dogon fitar da numfashi ne, ba na Sanskirit ba. Na gaya wa Panditji. Ya ce shi bai taɓa karanta Gayatri don hawan jini ba, yana da ƙwaya don wannan.

5 ga Oktoba

Na kira Kawu a Zariya na karanta masa abin da na rubuta, don kada in yi wa ƙanwata fatawa da ka. Na faɗa masa cewa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, ta Indunusiya kuma a 2009 ta hana wadda aka haɗa da rera mantra ta bar ta motsa jiki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kai dai rubuta mata abin da kalmomin suke cewa, ita ba yarinya ba ce." Na aika mata: shanti salama ce, ana faɗarta sau uku don neman tsari daga damuwar da take fitowa daga jikin mutum, da ta sauran halittu, da ta abin da ya fi ƙarfinsa kamar fari da ambaliya. Om kuwa ga abin da Patanjali ya ce a kanta. Ta amsa da cewa ta gane, ta samu wata mai koyarwar da ba ta rera komai, kuma bayan ya yi sauƙi.

Inda aiki ya tsaya: shida sun kammala, sauti da fassara. Biyu suna jiran in sake ɗauka, saboda fanka ta shiga cikin sautin. Yabon Patanjali da ake buɗe aji da shi a makarantar yoga ta Iyengar da ke nan garin ban fara ba.

Ta ƙarshen ita ce Mahamrityunjaya, Rigveda kundi na 7, waƙa ta 59, baiti na 12, wadda ake karanta wa marar lafiya. Mai roƙon yana cewa a raba shi da mutuwa kamar yadda "urvaruka" take rabuwa da igiyarta. Littattafan Turanci suna cewa kokwamba. Panditji ya ce a'a, ita kokwambar kasuwa yanke ta ake yi, wannan kuwa in ta nuna da kanta take sakin igiyar, ba a ja ba a tsinka. Na nuna masa hoton gurji a waya, ya ce ya yi kama amma ba zai rantse ba. Ranar Talata zai sa jikansa ya raka ni kasuwar Mandai mu nemo ta in gani da idona.